Baffan da Aka Dawo da Shi Daga Makka

A shekarar da fari ya ƙone mana gero tun bai fitar da kai ba, motar Dawakin Tofa ta sauke wani tsoho a bakin hanyar garinmu, da akwatin ƙarfe da buta. Gidan kakana ya tambaya. Lokacin mahaifina ya riga ya rasu, ni ne babba a gida, ga mata da 'ya'ya uku da ƙanne, rumbu kuma ya kusa ƙasa.

Ashe yayan mahaifina ne. Kakanmu ya ɗauke shi yana yaro suka tafi Makka a ƙafa, ya bar kakarmu da cikin mahaifina. Kakan ya rasu a can. Yaron ya girma yana sayar wa mahajjata ruwa a salka, har ya tsufa ba shi da takardar zama, sai hukuma ta kwaso shi da ire-irensa ta dawo da su gida. Tsofaffi biyu suka shaida shi. Na ba shi ɗakin zaure, na kira shi Baffa, amma tun ranar ban so shi ba. Tuwon garin rogon da muke ci ba ya isar mu, ga kuma wani baki ya ƙaru.

Mutanen gari kuwa sun so shi. Bayan la'asar sukan kewaye shi a gindin rimin masallaci, yana ba su labarin Makka. Ya ce da suka isa, Turkawa ke riƙe da garin, sojoji masu jar hula da igwa a kan dutse. Ya ga ranar da mutanen Sharifin Makka suka kore su, ya ɓuya a bayan tulunan wani mai shago yana jin harbi. Bayan wasu shekaru sai ga mayaƙa daga hamadar gabas a kan raƙuma, suka kori Sharifi, suka rushe gine-ginen da ke kan kaburbura, suka hana shan taba a titi. Daga nan yakan koma baya can, ya lissafo sarakunan Sham da na Bagadaza da na Masar da suka taɓa mallakar garin. Ya ce duk sarkin da ya zo, limamai sukan yi masa addu'a ranar Juma'a, masu ruwa kuma su ci gaba da ɗaukar salkarsu.

Ni ina gefe ina cizon yatsa. Mutane suna kawo masa goro da 'yar fura, shi kuma ko loma bai taɓa miƙa wa 'ya'yana ba.

Wata biyu da zuwansa ya kira ni, ya ce, "Ina so a fitar mini da rabona a gonar mahaifina."

Na ce, "Baffa, shekara sittin ba ka zuba mata taki ko kwando ɗaya ba. Mahaifina a cikinta ya ƙare."

Ya ce, "Gado ba ya ruɓewa. Ka tambayi malamai."

Na tambaya, suka ce da gaskiyarsa. Dagaci ya turo mutane da igiya, aka raba gonar biyu, gefen da ke da dorawa da ƙasa mai laushi ya faɗa wajensa. Daga ranar na hana a kai masa tuwo. Matata tana kai masa a ɓoye, na sani, na ƙyale ta, amma ni ban ƙara gaishe shi ba.

Ba shi da ƙarfin riƙe fartanya. Kafin damina ya sayar da rabonsa ga wani ɗan kasuwa daga birni, bai ko tambaye ni ba ko ina so. Da abin da ya samu ya shiga mota, ya ce zai sake neman hanyar Makka, don a can yake so a binne shi. Na ga tafiyarsa daga cikin gona, ban ɗago ba.

Bayan shekara wani direba ya kawo labari cewa ya rasu a wata tasha a ƙasar Borno. Na karɓi gaisuwa kwana uku saboda idon mutane. Ƙannena biyu kuwa, da gona ta kasa ɗaukar mu, suka tafi ci-rani Kudu, ɗaya bai sake zama a gida ba. Ɗan kasuwan ya sare dorawar, ya kewaye filin da waya, har yau jikokinsa ne ke noma shi.