Waliyyiyar da Ba Ta da Kati

Ƙanshin kafur ne ya mayar da ni baya. Jiya na buɗe tsohon akwati ina neman zane, sai ga ni a gidanmu na unguwar Hulme a Manchester ina 'yar shekara takwas, kakata tana tsince wake a jikin hitar ɗumama ɗaki.

Kaka ta zo daga Najeriya don ta yi renonmu, ta taho da gwangwanin biskit cike da katunan waliyyai. Ta san su kamar maƙwabta. Wannan, in ji ta, shi ake roƙo idan makulli ya ɓata, kuma tuni ya gaji da babanmu. Waccan baiwa ce, ta yafe wa waɗanda suka sayar da ita. Amma wadda na fi so ba ta da kati. Mata ce da ke ɗebo wa kutaren bayan gari ruwa kullum, lokacin da kowa ke gudunsu, har ta zauna ta ci tuwo da su.

A cocinmu, ranar Dukan Waliyyai kowane yaro kan yi shigar waliyyinsa, ya fito gaba ya faɗi ko wane ne. Na ce ni mai ɗebo ruwa zan zama. Kaka ta buɗe akwatinta. Ta ninka baƙin zanenta ta ɗaura mini, ta naɗa gammo, da yake kuma babu tulu a Manchester, ta ɗora mini robar kwaɓa fulawa.

Da layi ya zo kaina, malamarmu ta duba takardarta ta sunayen waliyyai sama da ƙasa, ta ce ba ta ga wannan ba. Yara masu rawanin kwali suka fara ƙyalƙyala dariya. Na hango Kaka ta sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin ta ji kunya ba, sai tsoro ya kama ni kada a ɗauke ta maƙaryaciya a gaban jama'a, kuma ni ce na jawo mata.

Fada, limamin cocin, wani tsohon Bature, ya durƙusa ya ce in ba shi labarin. Na zuba masa da Turancina har da tuwon. Ya juya ya tambayi Kaka a ina ta san matar, mamata tana fassara.

"Uwata ce, Fada," in ji Kaka.

Ni ma sai ranar na sani. Fada ya miƙe ya ce ai wannan rana an ware ta ne musamman don waɗanda sunansu bai shiga littafi ba. Ya riƙe hannuna ya kai ni gaba. Kaka ta manta a ƙasar Turawa take, ta rangaɗa guɗa, robar ta faɗi tana gangarawa, coci ya kaure da dariya da tafi. Daɗin da na ji ranar bai sake ni ba har yau.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Yanzu muna unguwar Balsall Heath, yara a waya suke neman waliyyai, kayan shigar ma odarsu ake yi. Amma bana 'yata ta ce ita baƙin zanen nan take so, da gwangwanin biskit, da farantin wake. Na tambaye ta wa za ta zama.

"Kakarki mana, Mummy," in ji ta. "I know, ba ta cikin list."