Na Zaɓi Jirgin Da Bai Taɓa Shiga Gishiri Ba

Assalamu alaikum Edita. Ni dillalin motoci ne, kuma shekara goma sha shida ke nan ina zaune a Riyad. Na zo ƙasar nan da iƙamar direba, wato takardar izinin zama, na yi wankin mota, na yi tallan kayan gyara a Gubaira, har Allah ya sa na samu fili a Al-Sulay inda nake jera motocin hannu. A lokacin da abin nan ya faru, ni mutum ne da ya yarda da idonsa da kunnensa fiye da kima. In aka tayar da inji na saurara na minti ɗaya, zan faɗa maka abin da ke damunsa. In na shafa jikin mota zan nuna maka inda aka yi ciko. 'Yan uwanmu Hausawa ba sa sayen ko tsohuwar motar ɗaukar kaya sai sun kira ni, Larabawan unguwa ma haka. Ban taɓa cutar kowa ba, amma na kai matsayin da ba na iya buɗe baki in ce ban sani ba.

Kafilina, wato Balaraben da nake zaune a ƙarƙashin sunansa, mutumin kirki ne mai sanyin magana. Duk motar da ya hau a shekarun nan ni na zaɓa masa. Wata rana bayan la'asar ya zo filina, muka zauna muna shan gahawa, ya ce ya kama ɗan gidan hutu a gaɓar gabas, kuma 'yarsa ƙarama ta hana shi sakat sai ya sayi jirgin ruwa. Yarinyar shekararta bakwai, ita kaɗai Allah ya ba shi bayan dogon jira, kuma tun tana rarrafe take ce mini ammu, wato baffa. Irin jirgin da yake so shi ne wanda suke kira jet, ba shi da farfela a waje, yana zuƙar ruwa ne ta ƙasa ya feso shi ta baya. Ya ce saboda ita ya fi son wannan, kada ta faɗa ruwa ƙarfe ya yanke ta. Ya dafa kafaɗata ya ce in nemo masa mai kyau, abin da na zaɓa ya zaɓa. Ni da ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, inji ai inji ne.

Ga inda kuskurena ya fito. Duk dillalin mota a Riyad ya san ƙa'ida ɗaya: ka guji motar da ta zauna a bakin teku. Danshin gishiri yana cin ƙasanta, tsatsa ta kama ta ta inda ido ba ya gani. In mota ta zo daga garuruwan gaɓa, kwanciya muke yi a ƙasa da tocila muna dubawa, kuma babu abin da ke ɗaga darajar mota kamar a ce ba ta taɓa barin Riyad ba. Da wannan ilimin na fita neman jirgi. Na ga guda biyu a sito daban-daban. Na farko babba ne, bangonsa dogo, ƙirjinsa da kaifi kamar bakin gatari, amma ƙarafunansa duk sun yi fari-fari da gishiri, kujerunsa sun koɗe. Ban ko bari mai shi ya gama bayani ba na juya. Na biyun kuwa ja ne, yana ƙyalli, ƙasansa a shimfiɗe kamar faranti, bangonsa bai wuce gwiwata ba. Mai sayarwar bai ɓoye mini komai ba. Ya ce daga waje aka shigo da shi, a tafki yake aiki, bai taɓa shiga ruwan gishiri ba ko sau ɗaya. Yanzu na gane gargaɗi yake yi mini. Ni a lokacin ji na yi kamar an ce mini ga mota sabuwa dal. Aka jona masa tiyon ruwa yana kan tirela, aka tayar, na saurara, injin yana kaɗawa lafiya lau. Na kira kafilina na ce na samo masa wanda babu irinsa.

Ranar wata Juma'a muka yi sammako, ni da shi da yarinyar, muka ja jirgin a bayan mota. Awa huɗu muna tafiya cikin rairayi. Da muka kusa sai iskar ta canza, ta yi nauyi, wani wari da ban sani ba ya shigo motar. Muka sha wata kwana, sai ga teku a gabanmu. Edita, na ga kogi a gida, na ga dam, amma duk ruwan da na taɓa gani yana da ɗaya gefen. Wannan ba shi da shi. Kusa da gaɓa kore ne shar, kana ganin yashi a ƙasa, can gaba ya koma shuɗi, can gaba kuma ya yi duhu har ya haɗe da sama, ba ka iya cewa ga inda ɗaya ya ƙare. Na fito daga mota na tsaya, bakina yana ta tasbihi ban ma sani ba. Kafilina yana ta yi mini dariya yana cewa yalla, in zo mu sauke, ko na zo kallo ne. Wani ma'aikaci a wurin saukar jirage ya duba takardunmu, ya ce ba za mu shiga ba sai kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa. Na sa tawa ina jin kamar ɓata lokaci ne.

Bayan mun idar da sallah muka shiga. Awar farko ba zan taɓa manta daɗinta ba. Ruwan a kwance yake kamar gilashi, jirgin yana gudu a kansa ba ko girgiza. Ni ne a kan sitiyari. Yarinyar tana gaba tana ihu in ƙara wuta, gashinta yana tashi. Muka yi nisa har gine-ginen gaɓa suka koma kamar ƙwayar shinkafa. A nan ne wasu manyan halittu masu bayan toka suka ɓullo gefenmu, uku ko huɗu, suna fitowa suna nutsewa a tare, ina jin hucin numfashinsu. Kafilina ya ce dulfin ake ce musu. Na rage gudu muka tsaya muna kallo. Babu ƙarar komai sai ruwa yana taɓa jikin jirgi. Na leƙa ƙasa, ban ga yashi ba, sai duhu kawai yana motsi a hankali. A lokacin na fara jin cewa mu uku muna zaune ne a kan wani abu mai rai wanda bai san da zamanmu ba.

Iskar ta taso ne ba sallama. Da farko fuskar ruwan ce ta yamutse, sai kuma na ga fararen kawunan igiyoyin ruwa suna tahowa daga arewa jere-jere. Cikin minti kaɗan tekun da na gani ɗazu ya zama wani daban. Na juya mu koma, na ba da wuta, sai igiyar farko ta ɗaga mu sama ta sake mu. Da yake ƙasan jirgin a shimfiɗe yake, ba ya tsaga ruwa, marinsa yake yi. Muka faɗo kamar an jefo mu a kan siminti, haƙorana suka haɗu. Duk lokacin da muka tashi sama injin sai ya zuƙi iska maimakon ruwa, ya yi kururuwa, jirgin ya rasa ƙarfi. Igiya ta biyu ta hau ta gaba ta zubo mana a cinya. Kafilina ya fizgo yarinyar ya rungume ta. Ni kuwa na yi abin da kowane direba zai yi in ya ga hatsari, na sauke wuta gaba ɗaya na murza sitiyari. Jirgin bai juya ba ko kaɗan. Ashe irin wannan jirgin da ruwan da yake fesowa yake juyawa, in ka sauke wuta sitiyarin ya zama abin wasa a hannunka. Muka ba igiya gefe, ta cika mana ciki har idon sawu.

Na sake ba da wuta, muka ɗan yi gaba, sai injin ya shaƙe. Ciyawar teku da iska ta taso da ita ta toshe ramin da yake zuƙar ruwa, ya yi zafi ya mutu. Na murɗa makulli ya fi sau goma. Ni da nake taƙama da kunne, ina jin abin da ke damun injin sarai, amma maganin yana ƙarƙashin jirgi, cikin ruwan da ban iya iyo a cikinsa ba. Kafilina ma bai iya ba. Na cire murfin akwatin ƙanƙara na fara kwalfar ruwa, ina zubar da ɗaya biyu na shigowa. In muka faɗa tsakanin igiyoyi ba na ganin gaɓa, ba na ganin komai sai bangon ruwa kore da hasken rana yana ratsa shi. Abin mamaki, a cikin wannan tsoron ina ganin kyawunsa. Ban taɓa ganin ƙarfi irin wannan ba, kuma ba fushi yake yi da mu ba, aikinsa kawai yake yi. Yarinyar ta daina kuka, ta zuba mini ido, ta tambaye ni ko na kusa gyarawa. Uban kuwa hannu ɗaya yana riƙe da igiyar rigarta, ɗayan yana neman lambar masu ceto a waya. Na ce mata na kusa. Ƙaryar da ta fi kowace nauyi a rayuwata ke nan.

Kafin waɗanda ya kira su iso, Allah ya kawo wani tsohon jirgin katako na masunta da ke komawa gaɓa. Na kalli yadda yake tahowa, igiyar da take neman kifar da mu shi tsaga ta yake yi ya wuce. Suka zagayo ta inda iska ke zuwa suka tare mana ita, suka jefo mana igiyar ɗaure jirgi. Yarinyar aka fara miƙawa, wani baƙin hannu mai ƙarfi ya cafe ta ta wuyan riga, sannan uban, sannan ni. Shugabansu dattijo ne, Balarabe, fuskarsa duk rana ta ƙone. Ya ba mu shayi mai zafi, ya leƙa jan jirgin da suke ja a baya, ya tambaya wane ne ya kawo kwanon wanka teku. Mutanensa suka fashe da dariya. Ban jira kafilina ya rufa mini asiri ba, na ce ni ne, kuma na faɗa masa dalilin da ya sa na zaɓe shi. Dattijon ya daina murmushi. Ya ce jirgin ba shi da laifi, an ƙera shi ne don ruwan da ke kwance. Na teku ana fara duba ƙirjinsa ne, da tsawon bangonsa, da yadda ruwa ke fita in ya shigo, da ko injinsa an yi shi don ya jure gishiri. Ya ce shi in ya ga jirgi da farin gishiri a jiki hankalinsa kwanciya yake yi, domin ya je ya dawo ke nan.

Mun dawo Riyad washegari. Yarinyar ta yi barci a baya tun kafin mu bar gari. Sai da muka ci rabin hanya kafilina ya yi magana. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Cewa ya yi kawai da na ce masa ban sani ba, da ya tambayi wani, kuma da darajata ba ta ragu a wurinsa ba ko kaɗan. Ya ce in bar jirgin a filina in sayar, ba ya son sake ganinsa. Har yau muna tare, har yau ni nake zaɓa masa mota, amma na lura yanzu in na gama magana yakan tambaye ni ko na tabbata. Ba na jin haushi. Ya cancanci ya tambaya.

Abin da na koya shi ne, ƙwarewa tana da iyaka, kuma mai ita ne yake zama na ƙarshe wajen ganin iyakar. Ƙa'idar da ta ciyar da ni shekaru a kan tudu ita ce ta kusa kashe 'yar mutumin da ya yarda da ni. Ina kira ga 'yan uwana dillalai a ƙasar nan, musamman mu da Larabawa suka saba aika mu sayo komai: in an ce ka zaɓo jirgin ruwa, kada ka fara da fenti ko ƙarar inji. Ka tambayi ruwan da za a sa shi, ka nemi wanda yake kwana yana tashi a wannan ruwan ya duba maka, a gwada shi a teku ranar da akwai iska, kuma kada kowa ya taka ciki ba rigar kariya. In abin ya fi ƙarfin saninka ka faɗa, ba a mutuwa don an ce ban sani ba.

Jan jirgin yana nan a filina ƙarƙashin tamfol. Mutum huɗu sun zo sun taya, domin kyakkyawa ne. Kowanne na tambaye shi inda zai kai shi, kowanne ya ce teku, kowanne na ce masa ba na sayarwa ba ne. Na ƙarshen ya kalle ni ya ce bai taɓa ganin dillalin da ke korar ciniki ba. Na ce masa yau ya gani, na raka shi har bakin ƙofa.