Bakaniken da Ba Ya Gyara Mota Sai Ya Hau

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Yake ɓoye illa a inda ba a zato, Ya kuma hore wa wasu bayinSa haƙurin nemo ta. Tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

Bayan haka, nufina in rubuta kaɗan daga halin maƙwabcina bakanike, wanda ya rasu wata biyu da suka wuce. Shekara talatin da ɗaya garejinsa yana jingine da katangar gidana: rumfar kwano, rami guda na leƙa ƙarƙashin mota, da benci mai ƙafa uku wanda wani mataccen batir ya zame masa ta huɗu. Ana kiransa Sai-na-hau, domin ba ya ɗora sifana a kan mota sai mai ita ya tuƙa shi ya ga irin riƙon da yake yi mata. Na taɓa ce masa wannan hanyar alƙalai ce, ba a yanke hukunci sai an ji ɓangare biyu. Ya ce, "Malam, ai mota ba ta ƙarya. Masu ita ne."

Ina da ɗan ƙanwa mai a-kori-kura, sana'arsa ɗauko ƙwai daga wata gonar kaji zuwa shaguna. Motar ta kamu da wata cuta. Da zarar ya tsaya a danja sai inji ya shiga tuntuɓe, jikinta ya ɗauki ɓari kamar mai zazzaɓi, kiret-kiret na ƙwai suna karo da juna a baya. Bakanike uku suka taɓa ta. Na farko ya canza fulogi, na biyu ya canza kwayil, na uku ya wanke tankin mai, cuta tana nan. Mai gonar, mace ce da ba ta maimaita magana, ta ba shi kwana biyar: ko ƙwai su riƙa isa lafiya, ko ta ba wani aikin. Yaransa shida, kuma ba shi da wata hanya. Na ja shi zuwa gareji.

Sai-na-hau ya saurari ƙorafin har ƙarshe, ya goge hannu, ya ce, "Tayar mu je." Na zauna a tsakiyarsu.

Muka hau kwalta. Mai keke ya wuce mu. Can sai mai tura baro ya wuce mu, har ya waiwayo ya gaishe ni.

Bakanike ya ce, "Mai ƙwai, giya nawa motar nan take da su?"

"Biyar, Baba."

"To sauran ukun magada kake ajiye wa?"

"Baba, ƙwai nake ɗauka."

"Yau me ke baya?"

"Babu komai. Ƙafa ce ta saba."

"Shekara nawa kana wannan rarrafen?"

"Bakwai. Ban taɓa buge ko akuya ba."

"Ina fa za ka buge ta? Sai dai ita ta buge ka ta baya."

Da muka komo ya buɗe bonet, inji yana aiki. Ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa, kowacce ya zare sai ɓarin ya ƙaru daidai da na 'yar'uwarta. Ya ce, "Kun gani, duk huɗun suna aikinsu. An zalunci fulogi." Sannan ya nuna mana wani bawul a gefen inji, ya yi mana bayani. Aikinsa shi ne komar da ɗan hayaƙi cikin inji idan mota ta ɗauki hanya, domin zafi ya sassauta, amma idan ta tsaya wajibi ne ya rufe. In ya maƙale a buɗe, inji zai shaƙi hayaƙi a maimakon iska, ya riƙa sarƙewa. Bai tsaya a kan zato ba. Ya yanko gwangwanin madara, ya toshe hanyar hayaƙin da shi, ya ce a sake tayarwa. Mota ta natsu kamar ɗalibi gaban malaminsa.

Ya kwance bawul ɗin, ga baƙin kunkunniya ya daskare a ciki kamar gindin tukunya. Ya ce, "Ga rarrafenka na shekara bakwai. Inji bai taɓa yin zafin da zai ƙone dattinsa ba. Tausayin ƙwai ne ya fasa maka ƙwai."

Ya kankare shi, ya wanke da fetur, ya cire gwangwani, ya mayar da bawul ya ɗaure. Ɗan ƙanwata ya fara godiya. Bakanike ya ce, "Wannan rabin magani ne. Koma ka zauna."

Muka fita babbar hanya. "Sa ta uku. Taka! Ta huɗu!" Ɗan ƙanwata ya ƙanƙame sitiyari, gumi yana zuba, yana cewa, "Kawu, ka sa baki, ina da iyali!" Ni kuwa ban sa baki ba, domin na shagala da addu'ar tafiya, na karanta ta sau uku, na ƙara da wadda ake yi idan jirgin ruwa ya yi tangaɗi. Da ta biyar ta shiga, salansa ta yi aman baƙin hayaƙi, sannan ta washe. Bakanike ya umarce shi da ya riƙa yin haka sau ɗaya kowane mako, ba kaya a baya.

Ranar da wa'adi ya cika, kiret arba'in suka isa ba ko tsaga. Mai gona ta bi su ɗaya-ɗaya da ido, ta ce, "Gobe ka zo da wuri." Har yau shi ke ɗaukar mata.

Maƙwabcina ya yi jinyar kwana tara, ya cika da rana tsaka, 'ya'yansa suna kewaye da shi. Ban taɓa jin ya canza wa mutum abin da bai lalace ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata makwancinsa, Ya albarkaci abin da ya bari. Amin.