Na Kai wa Arlit Makulli

Ranar Talata, daga Agadas

Ƙarfe biyar saura kwata na bar gida, ba ni da kaya sai jaka da wani ɗan kle, wato filashi, a aljihu mai ɗauke da gyaran odinatar, kwamfuta ke nan. Likita Habsatu ce ta kira ni. Ita ke kula da lafiyar ma'aikatan wani ƙaramin kamfanin kwasar tama a Arlit, kuma a odinatarta ake rubuta yawan gubar da kowane ma'aikaci ya ɗauka a jikinsa. Da wannan rubutun ake yanke wanda za a janye daga rami a yi masa magani.

Kilomita ɗari biyu da arba'in ne, amma sai da muka ci awa bakwai. Hanyar da ke fitar da arzikin ƙasa ke nan, ramukanta sun fi kwaltarta yawa. A shingen jandarma na biyu wani soja ya juya kle ɗin nan ya ce mene ne a ciki. Na ce magani ne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini.

Arlit

Ɗan kabu-kabu ya kai ni biro, ofishin kamfanin. Nan na tarar an saka odinatar cikin kejin ƙarfe da kwaɗo biyu, ga mai gadi da sanda. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ɓarakar da na zo toshewa ai tana cikin manhajar da ke fitar da hoto a allo: duk wanda aka bari ya zauna gabanta, ko da ƙaramin izini ne, yana iya mayar da kansa mai gida ya taɓa abin da ya ga dama. Kalmar sirrin likita ita kaɗai ta san ta, amma shef, wato shugaban kamfanin, kullum yana zama a kujerar, wai yana duba jadawalin motoci.

Na zaci zai hana ni aiki. Ina! Shayi ya sa aka kawo, da gasasshen nama, yana ta cewa in toshe ta tam yau ɗin nan. Minti ashirin na gama.

Sai likita ta shigo da Gisa, wani direba mutumin Gugaram, tari na neman tsaga masa ƙirji. Ta buɗe sunansa. Shekara tara yana kwasar tama, amma rubutun ya nuna shi fes kamar jinjirin jiya. An share har sawun wanda ya taɓa.

Gisa ya ce, “Malam, takarda na da, ina yake?”

Likita ni kawai ta duba. Bara ni ne na tsaya a ɗakin nan ina fankama, na ce katin takarda ƙauyanci ne, su ƙone su. Sun kuwa ji maganata. Kunya ta kama ni.

Shef ya raka ni ƙofa, ya ce, “To yanzu ba mai iya sake komai ko, Malam?” Nan na gane ya riga ya gama sake rubutun, ni kuwa ƙofa na zo na kulle masa.

Ranar Laraba

Na kwana gidan wani ɗan garinmu Damagaram, na kamo motar shida, azahar ina Agadas. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa mai masaukina. Shef ma ya bugo ya yi mini godiya, ya ce aiki ya yi kyau. Gisa kuwa zai koma rami ranar Alhamis, tunda odinatar ta ce lafiyarsa lau.