Na Zaɓa wa Jikokina Gida a Bakin Ruwa

Ni mutuniyar Tawa ce. Lokacin da abin nan ya faru na haura sittin, kuma a danginmu ba a kama gida ko a kafa rumbu sai an ji ta bakina. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba. Da aka mayar da ɗana aiki Yamai, ya taho da ni da matarsa da yaransu uku, babbar shekararta shida. Ya ce ni da matar mu nemi unguwar da yara za su sake, shi aiki ya riƙe shi.

Surukata ta nuna wani gida a kan tudu, kusa da lakwal da likita. Na leƙa, tsakar gida ba itace ko ɗaya, famfo sai ya ga dama. Na ce ban zo babban gari don in sake bin layin ruwa ba. Sai wanda ya shekara hamsin yana jan guga gaba ashirin zai gane abin da na ji ran da dillali ya haye da mu gada zuwa Kirkisoy. Tsakiyar bazara ce, amma ga mangwaro, ga lambuna kore shar, ga rijiyar da igiya gaba biyu ke taɓa ruwanta. Nan take na ce magana ta ƙare.

Abu ɗaya surukar tawa ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa: me ya sa kowane gida a layin aka ɗaga dokin ƙofarsa da siminti har gwiwa? Na ce don awaki ne mana. Wata tsohuwa Bazabarmiya mai sayar da ganye a bakin layin ta tuntsure da dariya, ta ce min da Hausarta ta kasuwa, awakin nan watan takwas suke zuwa, kuma ba su da ƙafa. Na ɗauka tsokana ce. Na rama, na ce Zabarmawa ko a kwano suka ga ruwa sai sun nemi kwalekwale.

Damina ta farko, wata safiya da hantsi, ruwa bai ma jira ƙofa ba. Ta rijiyar da na yaba ya ɓullo, ta masai ya ɓullo. Ɗana yana hayin gada. Na goya autan, surukata ta ja biyun, muka kutsa ruwa har ƙugu. Sati uku muka yi a ajin lakwal da mutanen da ban iya harshensu ba. Autan ya kamu da zawo da masassara, kwana tara a asibiti, har idonsa ya zurma. Allah ya tashe shi.

Da surukata ta zage ni, da na huta. Durƙusawa ta yi ta gaishe ni, ta ce za ta kai yara Maraɗi wurin iyayenta su sha iska. Shekara biyu ke nan. Ni da ɗana muna wani ɗan gida a unguwar Kale cikin hayaniyar kasuwa, in shiga, in fita, in zauna, in miƙe. Duk motar da ta tsaya sai na leƙa.

'Yan'uwana tsofaffi, abin da muka sani na garinmu ne, kuma ƙishin da muka sha bai sa mun san ruwa ba. Kada ku kama gidan yara da rani ba ku tambayi daminarsa ba. In uwarsu ta yi tambaya, ku bari ta ji amsar daga bakin 'yan unguwa. An ce autan yanzu yana magana rangaɗaɗau. Ni ban ji ba.