Almakashin Baba da Jajayen Motoci Biyu

Ranar wata Talata ce cikin watan Safar na shekarar 1385, wato tsakiyar 1965. Alhazai sun watse, Makka ta koma ta masu ita, zafi kuwa ya kai har awakin unguwarmu sun daina yawo sun lafe a gindin katanga. Ina tsugune a bakin rumfar Babana a unguwar Hindawiyya ina warware zaren da ya cukurkuɗe, sai ga wata 'yar jar mota marar rufi ta kutso lungunmu, ƙasa-ƙasa da ita, tana gurnanin da ya fi ƙarfin jikinta, yara na bin ta da ihu. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma ba a raba ni da rawar kai, don haka na riga kowa isa, na kama mariƙin ƙofar na buɗe wa mai ita. Saurayi ne, ɗan wani attajiri, ya fito yana kaɗe farar rigarsa ko kallona bai yi ba. Ni kuwa na tsaya ina kallon hannuna, domin na san irin motar nan, kuma wadda na sani ba ta da mariƙi ta waje.

Babana baduku ne mutumin Kano. Da ƙafa ya baro gida, ya yi shekaru a hanya yana ɗinkin takalma yana ci da kansa, har ya tsallako teku. Da ya sauke farali sai ya ƙi komawa. In an yi masa zancen gida cewa yake yi, "Ni nan na zo a binne ni." Ba shi da iƙama, wato takardar zama, haka ma Inna, haka ma ni da aka haifa a garin. Da aikin takalma ya ja baya sai ya koma ɗinkin kujerun mota, manyan motocin haya da bas-bas na alhazai, kuma ya yi suna a kai. Amma sunan bai taɓa raba shi da tsoro ba. Maƙwabcinmu mai wanki da guga ya taɓa ƙona rigar wani mai hali, mutumin ya je ya faɗi kalma guda a inda ake faɗa, kwana uku aka zo aka tafi da mai wankin Jidda aka sa a jirgin ruwa, matarsa da 'ya'yansa huɗu suna nan suna kallon ƙofa. Tun daga nan kowa a lungunmu ya san ɓata kayan babban mutum ba ƙaramin abu ba ne.

Gidanmu sandaƙa ne, ɗaki biyu na gwangwanayen da aka buɗe aka daddale, da rana in ka jingina da bango sai ka ji kamar marfin tukunya. Da asuba nakan bi layi a bazan, inda unguwa ke ɗiban ruwa, in ciko randa, in share tsakar gida, in taya Inna ɓare gyaɗar da take soyawa tana ƙullawa. Da hantsi ni da yaran lungu mu tafi gidan wata malama mu yi karatun allo, Larabci a baki, Hausa a ƙasa-ƙasa, in an tashi mu baje a inuwa mu yi 'yar carafke da ƙwallayen dabino. Amma da zarar an yi azahar rumfar Baba nake nufa. Ba shi da ɗa namiji, ni ce mai zura masa zare a basilla, ni ce mai juya masa keken ɗinki in ƙafarsa ta gaji. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwani yake kirana, kuma bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Inna ta sha faɗa masa shi ya lalata ni.

Shekarar da ta gabata ne aka fara kawo mana irin motar nan. Ita ma ja ce, ta Ingila, mai kujera biyu. Bature ba ya shiga Makka, amma motarsa tana shiga, samari 'ya'yan masu hali sukan sayo su a Jidda a hannun Turawan da za su koma gida. Baba ya ɗinka wa waccan rufin tamfol, kuma da yake ni kaɗai ce zan iya duƙunƙunewa a ciki, ni na kwana biyu ina shiga ina tallafe tamfol ta ƙasa yana dasa maɓallai ta sama. Na san motar nan kamar ɗakinmu. In za ka buɗe ƙofarta sai ka zura hannu ciki. Tagoginta ba a jikin ƙofa suke ba, wasu faya-fayai ne da ake ɗaurawa a kwance. Gilashin gabanta gajere ne, madubinta a zaune yake a kan allon gaban direba. Da aka gama Baba ya fitar da fasalin rufin a takardar buhun siminti, ya naɗe, ya soke a saman rumfa inda awaki ba sa kaiwa. Haka yake aikinsa. In ya auna abu sau ɗaya ya fitar da takardarsa, ya gama da awo har abada, kuma yana alfahari da hakan.

To, saurayin nan na ranar Talata ɗan'uwan mai waccan motar ne. Ya ce ya bar rufin tasa a tsakar gida awaki sun yi kalaci da shi. Ya sauke wani naɗin baƙin tamfol mai kauri, ya ce daga waje aka kawo masa, babu irinsa a kasuwa, kuma iyakarsa ke nan, rufi ɗaya zai yi. Ammi yake kiran Baba, wato baffa da Larabci.

"Ya Ammi, irin ta ɗan'uwana ce, nafsu shi, ba bambanci. Jibi zan dawo."

Baba ya ɗago ya yi wa motar kallo ɗaya, ya ce, "Tayyib, ina da takardarta."

Suna maganar ni ina zagaya motar. Na ga wani ɗan hannu a cikin ƙofa, na murza, sai ga gilashi yana fitowa daga cikin ƙofar kansa. Ga wani ƙaramin gilashi mai kusurwa uku a gabansa. Gilashin gaba ya fi na waccan tsayi da lanƙwasa, ga siririn ƙarfe ya ratsa tsakiyarsa da madubi a maƙale. Ga layin farin ƙarfe a gefen jikinta, ga haƙoran hancinta a tsattsaye, alhali na waccan raga ce. Kafin in buɗe baki saurayin ya tayar da ita ya bar mu da ƙura.

Na ce, "Baba, wallahi ba iri ɗaya ba ce." Na lissafa masa abin da na gani. Ya yi murmushin da ya fi zagi ciwo, ya ce ado ne kawai irin na Turawa, ƙashin mota ɗaya ne, kuma shi yana wannan aiki tun kafin a haife ni. Na ce in gilashin gaba ya fi tsayi ai rufin ba zai kai ba. Ya ce, "Halas, Uwani." In ya faɗi haka an rufe magana. Ya ce in ya dawo daga la'asar zai shimfiɗa takarda ya yanka. Na dubi tamfol ɗin nan guda ɗaya tak, na tuna matar mai wanki. Yana ba da baya zuwa masallaci na ɗauki babban almakashinsa, wanda shi kaɗai ke iya cin tamfol mai kauri, na kai gida na tura shi can ƙasan buhun gyaɗar Inna.

Ban yi ƙarya ba da aka tambaye ni. Na ce ni na ɗauka, kuma ba zan fito da shi ba sai an ɗora takarda a kan motar. Inna ta zane ni da maficin kaba har ya tarwatse, tana faɗin ta haifi 'yar da za ta koya wa ubanta sana'a. Na yi kuka, amma ban faɗa ba. Baba bai taɓa ni ba, abin da ya yi ya fi duka. Ya daina yi mini magana. In na kai masa shayi sai ya bar shi ya huce. Yana iya aron almakashi a wurin wani baduku a bayan layinmu, amma da wane baki zai ce 'yarsa ce ta ɓoye nasa? Ranar Laraba ya wuni yana birkita rumfa, ni kuma ina zaune a bakin ƙofa da kumburarrun idanu ina kallonsa. Tsoro nake ji ƙwarai, domin in ni ce na yi kuskure, to na jawo masa fushin mutumin a banza. Duk da haka in na tuna mariƙin ƙofar nan sai in ƙara ƙanƙame bakina.

Ranar Alhamis da hantsi motar ta dawo. Saurayin ya ga tamfol ɗinsa a naɗe yadda ya bar shi, fuskarsa ta canza, ya fara ɗaga murya da Larabci, yana tambaya ko an ɗauke shi abin wasa ne. Maƙwabta suka leƙo suka koma. Ban jira izinin kowa ba. Na taka benci na zaro takardar simintin, na roƙi saurayin ya buɗe bayan mota ya kafa sandunan rufin. Mamaki ne ya sa ya yi, ina ji. Na shimfiɗa takardar daga baya zuwa gaba, sai ta tsaya yatsa huɗu kafin ta kai bakin gilashin. Na shiga na murza hannun tagar, gilashi ya taso ya tokare gefen takardar ya ɗaga ta sama. Saurayin ya dubi takarda, ya dubi tamfol ɗinsa lafiyayye, ya sassauta murya.

"Ya Ammi, ashe shi ya sa ba ka yanka ba?"

Baba ya sa yatsu ya auna giɓin nan. Can ya ce, "Sai an sake awo. Bar ta nan zuwa Asabar."

Saurayin ya tafi yana yabon hikimar tsoho, har ya ce zai turo abokansa. Ni ko ta kaina bai bi ba, kuma ba zan ɓoye ba, har yau abin yana yi mini zafi. Na je na tono almakashin yana warin gyaɗa na ajiye a gaban Baba. Bai ce na yi daidai ba, ba a ranar ba, ba kuma daga baya ba, ba halinsa ba ne. Ya dai miƙo mini bakin igiyar awo ya ce, "Riƙe can, Uwani, kar ki saki." Muka fitar da sabuwar takarda. Inna ta gasa mini bayana da ruwan ɗumi tana mita, wai taurin kai irin nawa ko jaki albarka.

Sai bayan shekaru da yawa ɗana ya nuna mini hotunan motocin biyu a wani littafi ya gaya mini sunayensu, ta farkon Sprite, ta biyun Midget. Ya ce 'yan gida ɗaya ne, kuma tsakanin shekarar waccan da ta wannan ne aka sauya ƙofofi da gilashi. Na ce masa na riga littafinsa sani, kuma da bayana na biya.

Yanzu in na bi ta Hindawiyya ba na gane lungunmu. Babu sandaƙa, babu bazan, motoci duk a rufe suke ruf da sanyinsu, ba mai ɗinka musu komai, in abu ya yage sai a cire a sa sabo. Jikokina ma da Larabci nake ba su wannan labari, suna dariya wai kakarsu ta yi wa babanta tawaye. Baba ya ƙara shekara goma sha tara a rumfar nan bai taɓa riƙe takardar zama ba, ba kuma wanda ya taɓa kai ƙararsa. A Harami aka yi masa salla, a ƙasar Makka aka sa shi, yadda ya so. Nakan yi kewarsa, har da shirun nan nasa na kwana biyu. Da na ji tsoron duka na miƙa almakashin nan, ban san a wace ƙasa kabarinsa zai kasance ba.