Ruwan da Na Ƙara a Madarar Ɗiyata

A shekarun da ƙasarmu ta samu mulkin kai, ina zaune a Maijirgi da maigidana, manomin gyaɗa, da ɗiyarmu ta fari. Gyaɗa na da daraja a lokacin, ni kuma mace ce da ba ta son a ji gidanta ya rasa wani abu.

Na yaye yarinyar da wuri saboda na samu ciki. Ba a jima ba ta daina wasa, ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja ya kwanta. Muka yi ta jiƙe-jiƙe, ba sauƙi. Sai wata maƙwabciya ta ce akwai wani dattijo a Tasawa, tsohon ma'aikacin likita, yana duba yara a zaurensa. Ba ya allura, abinci yake tsara musu, amma kowane zuwa da kuɗinsa. Muka tafi. Ya ɗora ta a sikeli, ya ce tamowa ce. Ya ce a ba ta madarar gwangwani da ƙwai da hanta, mu riƙa dawowa duk ranar kasuwa. Sannan ya tambaye ni ko za mu iya. Matan ma'aikata na zaune a tabarma suna jinmu, ni kuma na ɗauro zanena mafi kyau. Na ce za mu iya.

Da farko abin ya yi. Kumburin ya saɓe, yarinya ta fara bin kaji a tsakar gida. Amma ga kuɗin dattijo, ga na kanti, ga na mota. Kafin bazara kuɗin gyaɗarmu sun ƙare. Na sayar da awakina, na sayar da tasoshin ɗakina, daga baya na fara ɗibar irin gyaɗar da maigida ya ajiye a rumbu, bai sani ba. Ban ƙara samun natsuwa ba. Ina daka, hankalina na kan gwangwani. In aje taɓarya in je in girgiza shi in ji saura nawa. Wata rana na rage cokali ɗaya na cika da ruwa. Washegari na ƙara ragewa. Ƙwai da hanta kuwa tuni sun ɗauke. Na fara tsallake ranar kasuwa. In na je, sikeli ya nuna ta ragu, dattijo ya tambaye ni ko ina ba ta komai yadda ya ce, in sunkuyar da kai in ce ina ba ta. Shi kuma sai ya ƙara wani abin da ya fi tsada, yana zaton ciwon ne ya yi ƙarfi.

Sai ta fara tuntuɓe da almuru, tana laluben bango. Na ce dundumi ne, zai wuce. Daga nan wani fari ya fito a idonta na hagu. A makon ne maigida ya buɗe rumbu don shirin shuka, ya ga abin da na yi. Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauki yarinyar, na bi shi har Tasawa, ya zayyana wa dattijo komai. Dattijon ya ce, "Ɗiyata, me ya hana ki ce mini babu? Da kunun gyaɗa da wake da zogale da nonon akuyarki zan haɗa miki. Ni abin da kika faɗa mini na bi." Ya tura mu likitar Maradi, wato babban asibiti. An ceto idon dama, na hagu ya tafi. Damanar nan rabin gonarmu ba a shuka ta ba.

Yau ɗiyata na da jikoki, ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Amma duk sa'ad da aka kira ta daga hagu, na ga ta juya kanta gaba ɗaya tana neman mai magana, sai in tuna ruwan da na ƙara a madararta. Na gane talauci bai ci idon nan shi kaɗai ba, kunyata ta taya shi. Iyaye, in kun kai yaro wurin mai duba shi, ku faɗi ƙarfinku tun ranar farko, ko da duk garin na saurare. Masu sauraron za su tashi su tafi gidajensu. Yaron ne zai rayu da abin da kuka ɓoye.